Kuɗin Rumfar Mamunatu

Akawun banki ya tura takardar kuɗi ta sidi goma da Mamunatu ta kawo ƙarƙashin wata 'yar fitila mai haske ruwan shuni. Nan take takardar ta ɗau ƙyalli, fari fat kamar sabon alawayyo. Mamunatu ta yi murmushi, a zatonta alamar kuɗin kirki ke nan.

Akawun bai yi murmushi ba. Ya zaro wata daga aljihun tebur, ya ajiye kusa da tata. Tasa ta kwanta duhu, ba ta ƙyalla ba.

"Maame," ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "na gaskiya ba ya haske haka. Naka duka jabu ne. Wa ya ba ka?"

A unguwar Zongo ta garin aka haife ta, a nan ta binne mijinta, amma mahaifinta mutumin Dosso ne, can wata ƙasa, gwamnati kuma ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Shi ya sa jiya ta sayar wa Brimah, maƙwabcinta, rumfarta ta kasuwar Kejetia da atamfofin ciki a rabin kuɗi. Har godiya ta yi masa.

"Doka ta ce in riƙe su, in kira ɗan sanda," akawun ya rage murya. "Kana da takarda?"

Ta girgiza kai.

"To tafi. Ban gan ka ba."

* * *

Ta tarar da Brimah zaune kan kujerarta, yana auna wa wata mata yadi.

"Brimah, ka ji tsoron Allah. Tare da mai gidana kuke sahu ɗaya a masallaci."

"Yaya Mamunatu, ni ma haka aka ba ni su." Bai ɗago kai ba. "In kina ganin na cuce ki, ga ofishin 'yan sanda can. Mu je."

Ta dubi hanyar ofishin. Motar da ake loda marasa takarda tana tsaye a ƙofa. Ta gyara mayafi, ta juya.

* * *

A tasha direban motar arewa ya ce kuɗin mota ya ninka, kuma ba ya ɗaukar kowa don Allah. Mamunatu ta durƙusa gaban 'yarta Habsa, ta kwance 'yan kunnen zinaren da uban ya saya mata ranar suna, ta miƙa wa direban.

"Mma, za a maido mini?"

Da motar ta wuce unguwar Suame, Mamunatu ta karya tsinken tsintsiya gida biyu, ta zura wa yarinyar a kunnuwa, don kada hujin ya toshe.