Kofin Gwaji

Tana ɗaga kofin cikinta ya sake yin ƙugi. Mai tallar ta matse ƙafafu, ta yi murmushin dole, ta shanye a gaban kwastoma.

Haka dokar kamfanin take: duk wanda ya tsaya a teburinta cikin babban kantin, sai ta fara shan madarar kafin ta zuba masa. Yau ce ranar gwajinta. In ta yi ciniki a ɗauke ta aiki, in ba ta yi ba ta koma zaman gida. Ga shi tun tana yarinya ita da madara ba sa ga maciji.

Mai kula da ita, wanda ma'aikata ke kira Garkuwa a bayan idonsa, yana tsaye da taye har cibiya, yana zuba hadda kamar aku.

"Wannan ba madara ba ce kawai, jama'a! Sinadaran gina jiki ne, an daddatsa su ƙanana. Su gyara hanji, su ƙarfafa garkuwar jiki. Ku dubi yarinyar nan, ita take sha kullum!"

Yarinyar nan kuwa gumi ke bin bayanta, hanjin da ake gyarawa yana ta murɗawa.

Sai ga wata mata da ɗa a kafaɗa, ramamme, idanu sun faɗa. Ta ɗauki gwangwani ta jujjuya.

"'Yar'uwa, don Allah gaya min gaskiya. Duk madarar da na ba shi sai gudawa. Wannan za ta karɓe shi?"

"Ƙwarai kuwa!" Garkuwa ya cafe. "Ke, sha ta gani."

Mai tallar ta dubi kofin, ta dubi yaron. Takaici ya turnuƙe ta. Ta miƙa wa Garkuwa kofin.

"Oga, kai ka sha. Bakinka ya fi nawa iya bayani."

Ya yi baya kamar an nuna masa wuta. "Kina da hankali kuwa? Ni da ko a shayi ba na sa madara? So kike in wuni a bayi?"

Sai da maganar ta fita ya tuna akwai mutane. Matar ta mayar da gwangwanin a hankali.

"Ki kai shi asibiti, Yaya," in ji mai tallar. "Su za su gano abin da cikinsa ba ya so."

"Cire rigar kamfani," Garkuwa ya ce yana huci. "Yanzun nan."

"Zan cire, Oga." Ta dafe ciki ta nufi bayan kantin. "Amma sai ka jira. Madararku na kira na."