An Zo Awon Gidan Umma

Saƙon Salmanu ya iske Rilwanu a ofishinsu na unguwar Port Saeed a Dubai bayan azahar, yana tsaka da fama da wata Hajiya 'yar kasuwa da ta rantse katan ɗin turarenta bai kai nauyin haka ba a sikelin otal. Aikinsa ke nan a kamfanin kago mai jigilar kayan 'yan kasuwa shekara da shekaru: a ɗora kaya a sikeli, a yi musu, a sake ɗorawa, sannan a biya ana ƙunƙuni. Ya lallaɓa ya sallami Hajiya, ya zauna, ya buɗe wayar.

Kuɗin rufin gidan Umma ne. Salmanu ƙaninsa ne, malamin firamare a Katsina, shi ke zaune da mahaifiyarsu a gidan da babansu ya bari a Rafindaɗi. Ya rubuto komai: a cire tsohon kwanon da tsatsa ta cinye, a canja katakon da gara ta ci, a sa sabon kwanon nan mai tsakuwa a jiki wanda ba ya ƙara in ana ruwa, a gyara silin ɗakin Umma. A ƙasa ga jimla. Rilwanu ya dubi jimlar, ya mai da ita dirhami a ransa, ya ga albashin wata da watanni ya tashi. Sai ya kife wayar a kan tebur.

Ba wai bai san halin da rufin yake ciki ba. Daminar bara ƙanwarsu Halima Sa'adiya ta turo masa bidiyo. Bokiti a kan gadon Umma, roba a bakin ƙofa, tukunya kusa da akwatin kayanta, ita kuwa tana takure a kusurwa da carbi tana cewa a daina ɗaukarta. Ranar ya yi alkawari ba za ta sake yin damina a haka ba. Ga shi bazara ta yi nisa, an ce har hadari ya fara leƙowa.

Amma Rilwanu ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun da ya sa ƙafa a Dubai mutanen gida suka ɗauka da tsintsiya ake share kuɗi a bakin titi. Ya taɓa aika kuɗin rijiyar burtsatse ta hannun wani ɗan kawunsa, har yau ba a ga ɗigon ruwa ba. Ya sayi fili ta hannun abokin makaranta, ya je hutu ya tarar wani ya yi gini har ya shuka gwanda. Ko ragon layya ne, da an ji na mutumin Dubai ne sai ya tashi da kuɗin bijimi. Mutum ɗaya ne bai taɓa kamawa da ko kwabo ba, shi ne Salmanu. Shi ya sa jimlar nan ta tsaya masa a rai. Tsoro yake ji kada a ce shi ma Salmanu ya koyi abin da saura suka koya, domin in haka ne ba shi da sauran kowa a gida.

Da yamma ya nuna wa matarsa Zaituna saƙon a fulat ɗinsu na Al Rigga, wanda suke rabawa da wasu 'yan Sudan. Tana tuƙa tuwon semo ta karanta da ido ɗaya.

"Abban Nasir, ka kira shi mana," in ji ta. "Ka ce ya yi maka bayani dalla-dalla. Ƙaninka ne fa."

"In ce masa me? Salmanu, nawa ka ɗora? Ai tambayar ma zagi ce."

"To ka biya."

"Ido rufe, kamar na rijiya?"

"To ka kira Umma ka ji ta bakinta."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi ne ɗan fari. Tunda aka haife shi Umma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". In ya kira waya, ina kwana ne, ya aiki, Allah ya yi albarka, sai ta miƙa wa wanda ke kusa. Wadda ba ta iya haɗa ido da shi ce za ta zauna su yi lissafin katako?

Zaituna ta rufe tukunya. "Na san wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ni dai ban ga maciji a nan ba."

Ya riga ya fara neman hanyar da za ta kai shi ga gaskiya ba tare da ya bi ta ƙofar kowa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya samu hanyar, a bakin ruwa inda jiragen katako ke lodin firji da tayoyi. Can suka saba shan shayi da Issoufou, wani ɗan Maraɗi mai sirka Hausarsa da Faransanci da Larabci, mai sayen kayan gyaran mota yana turawa gida. Issoufou mutum ne mai maganin kowace matsala, musamman wadda ba tasa ba.

"Mon frère, wannan ai sauƙi ne," in ji shi. "Akwai mutumina a Katsina, Ɗanladi, ɗan kwangilar rufi ne, shi ya rufe mini shago a Jibiya. Ya je ya auna, ya ba mu kuɗinsa, ka gwada da na ƙaninka. Voilà. Khalas, shi ke nan."

"Amma kada ya ambaci Dubai. Da ya ambata, shi ma nasa zai kumbura."

"Ko shi ba zan gaya masa ba."

"Kada kuma ya ce ni na aiko shi. Ya je da safe, lokacin Salmanu yana makaranta. Ba sai ya shiga ciki ba, ya auna daga waje."

"In an tambaye shi fa?"

Rilwanu ya ɗan yi tunani. "Ya ce wani Alhaji ne ya sa shi."

Ya koma gida yana jin ya yi dabara. Ba wanda zai ji ciwo, ba wanda zai sani. Abin da ya manta, shi da ya yi shekaru a garin da baƙo zai auna bene mai hawa hamsin ba wanda ya ɗaga kai, shi ne a Rafindaɗi ko akuya baƙuwa ta shiga lungu sai an san ta gidan wa ce.

Ɗanladi ya ja ƙafa kamar kowane ɗan kwangila. Yau yana Funtuwa, gobe ana suna a gidansa. A tsakanin nan Salmanu ya turo saƙo sau ɗaya, "Yaya, an yi yayyafi jiya," Rilwanu ya amsa da "Ina sane, ana kan ƙoƙari." Daga nan shiru. Bai damu da shirun ba, har ma ya ji daɗinsa, domin a rayuwarsa wayar gida ba ta cika zuwa da abin da ba biya ba.

Sai ga Issoufou ya leƙo ofis wata ranar Talata da wayarsa a hannu.

"Habibi, ka ba ƙaninka haƙuri a zuciyarka. Dubi nan."

Kuɗin Ɗanladi ya ɗara na Salmanu nesa ba kusa ba. Kwano iri ɗaya, katako iri ɗaya. Da Rilwanu ya jera su biyun ya duba da idon mai sikeli, sai ya ga inda bambancin yake. Salmanu bai sa kuɗin ɗauko kaya ba, bai sa na leburori ba, bai sa na kwashe tsohon kwano ba. Watau shi da kansa ya yi niyyar yin waɗannan, bayan an tashi daga makaranta.

Daɗi ya kama Rilwanu, kunya ta biyo baya, amma daɗin ya fi yawa, domin kunyar ba wanda ya gan ta. Ana tashi daga aiki ya wuce wurin canji a Al Rigga ya tura kuɗin duka, har da ƙari. Ya fito bakin titi cikin zafin la'asar ya kira Salmanu.

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sai a na uku aka ɗauka, muryar Halima Sa'adiya ce, a sanyaye.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ina Salmanu? Ki ce masa na turo kuɗin rufi, gobe a fara."

"Rufin wane gida, Yaya?"

"Wane irin wane gida? Gidan Umma mana."

"Ai Umma ta tashi. Tana Rimi wajen Kawu tun makon jiya."

Ya matsa jikin bangon wani shagon waya don ya ji sosai. Halima ta ba shi labari tana jan hanci. Wata safiya mota ta tsaya a bakin lungu, mutum uku suka fito da tef ɗin awo. Suka auna gaba, suka zagaya suka auna baya, ɗaya ya hau katangar maƙwabta yana ɗaukar hoto. Mai unguwa ya aiko a tambaya, suka ce wani Alhaji ne ya sa su. To a garin nan, in baƙi suka zo suka auna gidan gado ba sallama, suka ce Alhaji ne ya aiko su, kowa ya san abin da ake nufi. Kafin azahar mata sun fara shigowa yi wa Umma jaje, wai babban ɗanta ya sa gida a kasuwa.

"Kuma ba wanda ya kira ni?"

"Ita ta hana. Ta ce gidan ubansa ne, shi ne babba, kada wanda ya tsare shi da tambaya. Ta raba kajinta, ta ba Uwa ta maƙwabta turminta, ta bi gida-gida ta yi sallama. Ta ce gara ta fita da ƙafarta kafin sabon mai gida ya zo da kwaɗo."

"Salmanu fa? Shi bai gaya mata ba sayarwa ba ne?"

"Ga shi nan."

Aka yi motsi, sannan muryar Salmanu ta shigo, ba fushi a cikinta, kuma rashin fushin ya fi ciwo.

"Yaya, na gaya mata. Na rantse mata ba za ka sayar ba. Da aka kwatanta mini motar na gane Ɗanladi ne mai rufi, na san abin da ya kawo shi. Sai ta ce to in ba sayarwa ba ne, awon me aka zo yi? Ni kuma ban iya ba ta amsa ba. Da ta ga na yi shiru sai ta ɗauka rufa maka asiri nake yi."

"Salmanu..."

"Na ga kuɗin sun shigo, Allah ya ƙara buɗi. In Ɗanladin kake so ya yi aikin, sai in miƙa masa. Ba komai wallahi."

"Kai za ka yi. Kai nake so ka yi."

"To, Yaya."

Rilwanu bai wuce gida ba. Ya taka da ƙafa har bakin ruwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya zauna a kan wani benci yana kallon ƙananan jiragen da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai. Garin neman gira ya rasa ido, ya sani. Abin da ya rage shi ne ya dawo da tsohuwa ɗakinta, wannan kuwa ba Issoufou, ba Ɗanladi, ba wani Alhaji da zai yi masa. Ya nemo lambar Kawu ya kira, suka gaisa, ya roƙi a ba shi Umma.

"Ina wuni, Umma."

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Umma, kada ki miƙa wayar, don Allah. Magana zan yi."

Ya ji numfashinta. Ba ta miƙa ba.

"Ba sayar da gida zan yi ba. Ban taɓa yin niyya ba, wallahi. Ki koma ɗakinki. Rufi za a yi, sabo, wanda ba ya yoyo."

"To," in ji ta. "Mutanen da suka zo fa?"

"Masu rufi ne. Ni na aiko su su auna."

"Ai an riga an auna. Salmanu ya hau da kansa ranar wata Asabar, rana tsaka. Ni na riƙe masa tsani."

Rilwanu ya dubi ruwan. Wani jirgi ya tashi daga gaɓa cike da ma'aikata, injinsa yana tari. Can ɓangaren kuma yana jiyo kukan tunkiya daga nesa. Ya san tana haɗa abu da abu, kuma ya san ba ta taɓa yin kuskuren lissafi a kan 'ya'yanta ba sai wannan karon.

Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar ba da shi take ba.

"Ashe ba gidan aka zo aunawa ba." Ta ja numfashi. "Da sayarwar ce ma, yaron nan, da ta fi mini sauƙi."

"Umma, ki yafe..."

"Allah ya yi albarka. Ga kawunka, ku gaisa."