Mai Riƙon Igiyar Nomau

Nomau shi ne shugaban masu ginan rijiya a Damagaram, kuma shekara ashirin da biyu, duk sa'ad da ya sauka ƙasa, Sallau ne ke riƙe masa igiya. Sallau bahago ne, tsoho marar yawan magana. In yana shan fura hannunsa rawa yake yi, amma bai taɓa rawa a kan igiya ba. Jefi-jefi yakan girgiza igiyar sau biyu, wato yana tambayar lafiya, Nomau ya amsa daga ƙasa da girgiza ɗaya. In an tashi aiki sai ya naɗe ta ta hagu, naɗin da ba mai yin irinsa.

A shekarar da aka yi zaɓen "i" da "a'a", kumandan, Baturen mulki, ya ba Nomau aikin rijiya a Durum. Sai ga wani tsohon soja, Idirisu, da takarda daga biro, wato ofishin kumandan, yana neman aiki. Nomau ya dubi ƙirjinsa da damatsansa, ya dubi hatimin takardar da ko karanta ta bai iya ba, ya ce ya ɗauke shi riƙon igiya. Ko guga ɗaya na ƙasa bai sa shi ya jawo ya gani ba. Mai sayen jaki ma yakan ce a taka da shi tukuna.

Saura Sallau. Masu wannan sana'a ba sa rabuwa da mai igiya a saƙo. Maigida zai kai masa goro da kansa, ya dube shi ido da ido ya ce, "Na sallame ka, ka yafe ni." Nomau ya sayi goron. Sau biyu yana zuwa ƙofar gidan Sallau a Zango, ya ji tarinsa daga ciki, ya juya. Shi kunya ya kira abin, ni kuwa tsoro na kira shi. Ranar tafiya suka hau kamyo, babbar motar kaya, suka wuce, ba wanda ya gaya wa tsohon komai.

Rijiyar ta kai gaba goma sha takwas a wata ranar Alhamis. Da rana tsaka, sauran ma'aikata sun tafi cin abinci, Nomau yana ƙasa da daginsa, sai fitilarsa ta mutu ba tare da iska ta taɓa ta ba. Ya san ma'anar haka: iskar ramin ta gurɓace. Numfashi ya fara yi masa nauyi. Ya ja igiya, shiru. Ya kira Idirisu, muryarsa ta hau ta dawo masa. Ya zauna cikin laka yana kalmar shahada.

Sai igiyar da ke ƙugunsa ta girgiza sau biyu.

Hannunsa ne ya amsa, ba shi ba. Aka fara jan sa a hankali, ba fizga, ba tsayawa, ana kauce masa da dutsen da ya turo a gaba na tara, kamar mai jan ya san da zamansa. Da ya dafa bakin rijiya, ba kowa. Can nesa gindin gawo, Idirisu yana ba 'yan mata masu tallar nono labarin yaƙi. Igiyar kuwa tana ajiye, an naɗe ta tsaf, ta hagu.

Washegari Nomau ya koma Damagaram da sabon goro a aljihu. A ƙofar gidan Sallau ya tarar da tabarmin zaman makoki. Matar Sallau, Shatu, ta karɓi gaisuwa ta bayan zana.

"Ran Laraba ya cika," in ji ta. "Tun da kuka tafi, kullum da asuba sai ya ɗaura ɗamara ya zauna bakin hanya. Na ce masa, Malam, an bar ka fa. Ya ce a'a, Nomau bai sallame ni ba. Ko da yana jan rai abin da yake faɗa ke nan."

Aka nuna masa kabarin. Nomau ya tsuguna, ya ciro goron, hawaye na zubo masa. Tausayin tsohon ya kama shi ƙwarai, wannan ba ƙarya. Mutum ya yi aiki har ya mutu, a ce kuma ƙasa ba ta zame masa hutu ba.

"Baba Sallau," ya ce, "na…"

Sai ya tuna jibi zai sake sauka, ruwa kuma bai kusa ba, saura aƙalla gaba bakwai. Ya tuna Idirisu a gindin gawo, da takardar biro wadda ba zai iya mayarwa ba. Ya daɗe a tsugune. Daga baya ya yi wa mamacin addu'a, ya mai da goron aljihu, ya tashi.

Ran Lahadi da sassafe ya riga kowa isa bakin rijiya, ko kuwa haka ya zata. Igiyar da Idirisu ya bari a watse tana nan a naɗe ta hagu, an miƙo bakinta wajen da Nomau yake tsayawa ya ɗaura.