Sunan Gligor a Gefen Rayayyu

Basilla na hannun Otilia, tana ɗinke takardar ƙarshe a cikin fayil, sai Pamfil mai kula da ɗakin ajiya ya leƙo ya ce, "Yau dai mutuniyarki ba ta zo ba."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Goma da kwata. Layi ya miƙe daga tagar ofishin rajistar kotu har bakin matakala, ga mai neman kwafin hukunci, ga masu rigimar iyakar gona su uku suna hararar juna. Amma babu baƙin ɗankwalin nan mai ɗigon fari. Wata bakwai ke nan, kowace Juma'a da ƙarfe goma daidai, maƙwabciyarta Tanti Safta kan jingina sandarta jikin tagar nan ta yi tambaya guda: "'Yata, ya fito?" Otilia ta ce, "Da saura, Tanti." Tsohuwa ta ajiye mata tuffa biyu ta juya.

Yau kuwa ya fito. Shi ne ma a ƙarƙashin basillar.

Gligor, ɗan Tanti Safta tilo, ya tafi Italiya aikin gini shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A shekara ta uku wayarsa ta daina shiga, shi ke nan, ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Matarsa Mirela ta yi jira har jira ya gaji da ita, sannan ta roƙi kotu ta bayyana shi a matsayin mamaci, don ta san inda ta dosa. Aka liƙa sanarwa a allon kotu, aka liƙa a ƙofar gidan uwarsa, cewa duk mai labarin Gligor ya zo ya faɗa. Ba wanda ya zo. Jiya alƙali ya sa hannu, Otilia ce kuma ta buga hukuncin da yatsunta, ta danna masa hatimi.

Kada ku ɗauka gida ko gona ne ya dami tsohuwar. Takardar Lahadi ce. Duk wanda ya tashi a garin nan na bakin kogin Olt ya san ta: a raba takarda gida biyu, a rubuta rayayyu a hagu, matattu a dama, a miƙa wa fada, wato limamin coci, ya karanta sunayen a addu'a. To, a wane gefe za a sa Gligor? In ta sa shi cikin matattu alhali yana raye, ta haƙa wa ɗanta kabari da hannunta. In kuma ta bar shi cikin rayayyu alhali ya mutu, shekara da shekaru ke nan yana can cikin duhu, ba kyandir, ba sadakar alkama, ba wanda ya yi masa sadakar ruwa. Fada ya ce mata Allah ya san nasa. Ta ce ta yarda Allah ya sani, amma ai ba Shi ke riƙe da biron ba. A ƙarshe ta yanke cewa abin da kotu ta ce shi za ta bi, tunda kotu ce mai hatimi. Da idonta ya yi rauni, Otilia ce ke rubuta mata takardar kowace Asabar a kan katangar da ta raba gidajensu, kullum Gligor a hagu.

Abin da ke tsorata Otilia shi ne ita ta san cikin kotu, kamar yadda mai tuya ta san cikin kasko. Kotu ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Iyakar saninta, an kira ba wanda ya amsa. Tun jiya take juya yadda za ta faɗa wa tsohuwar, har ta yi fatan kada ta zo. Ga shi ba ta zo ba, sai ta shiga da-na-sanin wannan fatan.

"Malam Pamfil, riƙe mini tagar nan."

"Ni? Rabona da taga tun kina goye. Waɗancan masu gonar cinye ni za su yi ɗanye."

"Ka ce musu su dawo Litinin."

"Tun bara suke dawowa Litinin." Ya dubi fuskarta, sai wasan ya tsaya. "Je ki. Ki bar mini basillar, na ƙarasa ƙullin."

Ba ta san lokacin da ta wuce kasuwa da gadar ƙarfe ba. Ƙofar gidan Tanti Safta na nan da tabon kusoshi huɗu inda aka taɓa kafa sanarwar. Kaji na ta kuka a akurki ba a buɗe musu ba, kuma bututun murhu ba hayaƙi. Ta kira daga tsakar gida sau biyu kafin ta yi ƙarfin halin tura ƙofar ɗaki.

Tsohuwar na kwance a gado, ta sa rigar fitarta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a ƙasa. Tuffa biyu na kan tebur. Leɓunanta sun yi shuɗi, numfashinta na fita da ƙara. Otilia ta kira motar asibiti, suka ce daga babban gari za su taso, ta ba su minti arba'in.

"Bar su," in ji Tanti Safta, da kyar. "Kyandir."

Nan take Otilia ta shiga nema. A garin nan ba abin da ake tsoro kamar mutum ya cika ba haske a hannunsa, har zagi ake yi da shi. Kyandir ɗin na nan bayan hoton Maryamu, inda tsohuwar ta tanade shi tun mutuwar mijinta. Ashana ce ta ɓata. Ta zazzage aljihun tebur, ta ture gwangwanin gishiri, tana jin numfashin nan a bayanta yana tsayawa yana dawowa. Ta same ta a kan murhu, tsinke uku suka rage. Na farko ya karye. Na biyu ya kama. Ta sa kyandir cikin tafin tsohuwar, ta naɗe yatsun da nata hannun.

Da hasken ya tsaya, sai fuskar ta ɗan saki. Tanti Safta ta juyo da idanunta da ba su gani sosai.

"'Yata, ya fito?"

Tawadar hatimi na nan a babban yatsan Otilia, shuɗiya, dab da kyandir ɗin. Shekara goma sha tara tana aiki a tagar nan, ta faɗa wa mutane an ƙwace gidajensu, ta faɗa wa iyaye shekarun da aka yanke wa 'ya'yansu, ba ta taɓa rage ko harafi ba. Ta buɗe baki. In ta faɗi gaskiya, da ita tsohuwar za ta tafi, gaskiyar da ita kanta Otilia ba ta yarda da ita ba. In ta yi ƙarya, ta yi wa mai shirin tafiya ƙarya, ba kuma ranar gyarawa.

"Da saura, Tanti."

Tsohuwar ta shafa yatsan da nata. Can ta ce, "Malalata. Wata bakwai a kan mutum ɗaya." Ta ja numfashi. "Su riƙe takardarsu. Ni zan je in duba da kaina. Ai ko cikin mutum dubu na san tafiyarsa."

"Tanti, daina faɗin haka, mota na hanya."

"Saurara, ba ni da lokaci. In na same shi can, zan zo miki a mafarki. Sai ki mayar da sunansa dama, ki dafa masa alkama. In ba ki gan ni ba, kada ki taɓa. Ki bar mini ɗana inda yake."

Otilia ta girgiza kai. "Don Allah, Tanti, kada ki zo mini. Kin san ni matsoraciya ce. Ki je wa fada."

"Fada minshari yake yi, ba zai ji ni ba." Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. "Shekara ashirin ina leƙo miki ta katanga ba ki kore ni ba. Ki yi mini alkawari."

"Na yi."

"To, ki yafe mini abin da na yi miki."

"Ba ki yi mini komai ba. Ni ce, Tanti, ni ce zan ce ki yafe mini, don ɗazu..."

Kakin kyandir ya gangaro ya ƙona mata yatsa, ba ta janye ba. Ta jira numfashi na gaba don ta ƙarasa maganar. Bai zo ba. Sanda motar asibiti ta tsaya a ƙofa, kyandir ya ci rabi, tana nan riƙe da hannun, kaji na ta kuka a waje.

Aka rufe madubin ɗakin da zane, aka binne ta ranar Litinin kusa da mijinta Ilarie. Ranar Laraba Mirela ta zo taga ta karɓi kwafinta, idonta a kumbure, ta sa hannu a littafi ta tafi. Pamfil ya sauka da fayil ɗin ƙasa ya ba shi lamba, ya jera shi cikin dubban 'yan uwansa. Ita kuwa Otilia, kowace safiya kafin ta sauke ƙafa daga gado sai ta tsaya ta binciki kanta ko ta yi mafarki ta manta. Mijinta ya ce ta rame. Ta yi mafarkin layi a taga, ta yi na basilla ta ɓace, amma baƙin ɗankwali mai ɗigon fari bai zo ba. Ta rasa abin da ya fi ba ta tsoro, zuwan ko rashin zuwan.

Ranar Lahadi ta tsaya a teburin bakin coci, ta ja layi ta raba takarda biyu. A dama ta rubuta Ilarie, a ƙarƙashinsa ta rubuta Safta, hannunta bai saba da sunan a wannan gefen ba. Da ta miƙa hannu wajen kwandon da ake tara takardun, sai ta ga wata a buɗe a sama. Ta gane rubutun, ranar Laraba ta gan shi a littafin taga. Mirela ta riga ta, kuma ta sa Gligor a dama.

"Otilia, ana jiran biro," in ji mai sayar da kyandir.

Ta sunkuya ta rubuta Gligor a hagu, harafi bayan harafi, ta ninke takardar ta ɗora a kan ta Mirela.

A waje akwai akwatunan ƙarfe biyu da ake kafa kyandir cikin yashi, na matattu da na rayayyu. Ta kafa ɗaya a na matattu, ya kama nan take. Na gefen rayayyu iska ta yi ta kaɗa harshensa, yana kwanciya yana tashi. An fara addu'a a ciki, mutane na wuce ta suna shiga, ita kuwa tana tsaye ta kare shi da tafin hannunta.