Rawar Malam Ɗantani Ta Shiga Waya

Muciya ta kuɓuce wa Zulaiha cikin tukunya lokacin da ƙanwarta Sakina ta faɗo gidan ko sallama babu, ta dangwara mata waya a hannu. A ciki, wani ɗan wasa na zane ya zura ƙwallo a raga, ya dafe ƙeya, ya ɗage ƙafa guda yana tsalle kamar mai tsallake hanyar ruwa a fadama. Rawar mijinta ce sak. Ga suna a ƙasa: Ɗantani, Bakura.

Duk Birnin Tudu ta Bakura an san Malam Ɗantani, manomin albasa da safe, malamin Islamiyya da yamma, mai cewa ƙwallo sana'ar marasa abin yi ce. Zulaiha kaɗai ta san yadda yake tura ƙyaure ranar wasa, ya rage muryar talabijin.

Ranar wasan ƙarshe, kamfanin da ke yin gem ɗin ƙwallon da ake bugawa a waya ya sanar a shafinsa cewa kowa ya ɗauki murnar gidansu in an ci, wadda jama'a suka fi zaɓa za a sa ta cikin gem. Ta bayan labule Zulaiha ta ɗauke shi a bidiyo yana rawar. Ba don tsiya ta tura ba, kyau ya yi mata. Kuma a tunaninta, duniya guda, wa zai kula da manomin albasa?

Yanzu ga mutuncin Malam a aljihun kowa.

Da la'asar ya dawo daga kasuwar Mafara, fuska a murtuke. Ya ce tun daga layin 'yan albasa har tasha, duk inda ya gifta sai wani ƙato ya ɗage ƙafa. Ya zauna, ya miƙo hannu. Ta ba shi wayar.

Ya kalla. Ya sake kalla.

"Wannan ɗan banzan bai iya ba," in ji shi. "Ƙahwar hagu nika ɗagawa, shi ya ɗaga dama. Ki rubuta musu su gyara."

"Malam, ba ka yi hushi ba?"

"Na yi mana. Sosai." Ya gusa mata a kan tabarma. "Zauna ki kunna min inda yac ci."

Suna kai da kai a kan wayar babur ya tsaya a ƙofa. Wata kakkaurar murya ta yi sallama, ta jero gaisuwa har ta gajiya da ta iyali, kana mai ita ya ce daga Faru yake. Takun rawar nan, in ji shi, na gidansu ne, kirarin kokawar kakansa, kuma ya zo jin a wane fage malamin Islamiyya ya koyo shi.

Zulaiha ta dubi mijinta. A hankali Malam ya kife wayar.