Lemon Kwalin da Manaja Ya Kawo

Ƙarar faɗuwar faranti ce ta fito da ni daga ɗaki. Katangar da ta raba gidana da na Mai Agogo ba ta wuce ƙirjina ba, don haka na ga komai: dafaffen ƙwai biyu na gangarawa bakin kwata, wake da ganye sun watse a siminti, Auta tsaye da tire a hannu.

"Ƙwai?" in ji yayanta. "Tsoho mai ciwon suga za ki ɗura wa ƙwai? Kashe shi za ki yi?"

"Yaya, a takardar asibiti aka rubuta. Nas ɗin ta ce..."

"Rufe min baki! Dubi wuyansa. Shekara guda na bar miki shi, kin mayar da shi kamar sillen kara."

Manaja muke ce wa yayan nata, don aikin kamfani yake yi a nesa, sau ɗaya yake leƙowa a shekara. Auta ce ke zaune da mahaifinsu tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ke auna masa abinci da ƙaramin kofi, ita ke tsira masa allura a yatsa kowace safiya ta duba sugansa, ita ke shan zagi in ta hana shi shayi mai zaƙi. Shi kuwa tsohon, shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a bakin titinmu, kuma ba a taɓa raba aljihunsa da alawa ba sai da ciwon ya kama shi.

Da yamma mota ta sauke kaya a ƙofar gida: katan-katan na lemon kwali, lemon malt, da zuma jarka guda. Manaja ya kira ni shaida, don ni ce babba a maƙwabta.

"Gwaggo, duba nan. 'Ya'yan itace zalla, ba a ƙara suga ba. Wannan baƙin kuma ƙarin jini ne. Zuma kuwa ai ba suga ba ce, ba inji ya yi ta ba."

Na juya kwalin. Ga hoton lemo da ganyensa kore shar. Na ce, "Gaskiya ne, ɗana. Ni ma haka na sani."

Mai Agogo ya shanye kofin farko bai sauke ba, ya lashe leɓe.

"Allah Ya yi maka albarka," ya ce. "Ita wannan ganye take ba ni kamar akuya. Jira take in mutu ta huta."

Auta na kallo yayanta ya kwashe ƙwayoyin magani da na'urar awon suga ya zuba a jakarsa, wai sinadarai ne masu cin ƙoda, abinci mai kyau ya fi su.

Kwana huɗu tsohon ya yi cikin walwala. Har kujera ya sa aka fitar masa waje, yana tsokanar masu wucewa cewa agogonsu ƙarya yake yi musu. Daga nan ƙishirwa ta taso. Ina jin muryarsa ta kan katanga: "Ruwa. A ba ni ruwa." Sai Manaja ya ce ruwa ba ya gina jiki, ya fasa sabon kwali.

A rana ta bakwai Auta ta same ni ina shanya.

"Gwaggo, don Allah ki yi wa Yaya magana, zai ji taki. Nas ta ce ko ba a ƙara ba, sugan yana cikin lemon. Lemo nawa aka matse a kwali ɗaya? Zumar ma haka take. Baba fitsari yake yi ba ƙaƙƙautawa, idonsa ma ya fara hazo."

"Ke dai ki yi haƙuri," na ce. "Yayanki ne, ya fi ki karatu. Ƙila dattin ciwon ne ke fita."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma ciki.

Washegari ta gwada sirka lemon da ruwa a ɓoye. Tsohon na kurɓa ya gane. Ya jefe ta da kofin, ya same ta a goshi.

"Ɓarauniya! Abin da ɗana ya kawo min ma sai kin yi min baƙin cikinsa?"

Manaja ya hana ta shiga ɗakin daga ranar.

A kwana na goma sha biyu, rana ta take, Mai Agogo bai tashi ba. Yana numfashi sama-sama, bakinsa a bushe, ana kiransa ba ya amsawa. Da ni aka tafi asibiti, kansa a cinyar Auta. Likita ta ɗiga jininsa a na'ura, ta duba, ta sake gwadawa da wata.

"Ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Me yake ci? Me yake sha? Ina magungunansa?"

"Ita ke kula da shi, likita," in ji Manaja, muryarsa ƙalau. "Ni baƙo ne, zuwana ke nan."

Likitar ta juya kan Auta. Ta yi mata faɗa a gaban majinyata, ta ce irinsu ne ke kawo iyaye sai an gama kashe su a gida. Auta ta buɗe baki, sai ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara ɗaurin zanina.

Mai Agogo ya cika washegari da hantsi, bai farfaɗo ba.

Wajen zaman gaisuwa, Manaja ya sa aka raba wa baƙi sauran katan-katan ɗin. Mata na sha suna yaba shi.

"Ɗa na gari ke nan. Dubi irin hidimar da ya yi."

"Ai ya makara ne. Yarinyar ta riga ta gama shi da yunwa."

"An ce har ƙwai take ba shi, fisabilillahi."

Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni. "Gwaggo, ke ce maƙwabciya. Haka ne?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare." Aka miƙo min kwali ɗaya, na karɓa.

Da baƙi suka watse, Manaja ya rufe jakarsa ya koma bakin aiki. Da safe na ji ana jan abu a tsakar gidansu. Auta ce ta fito da katifar tsohon ita kaɗai, ta jingina ta da katangarmu don ta sha rana. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Kafin azahar tururuwa sun gano katifar. Sun yi layi tun daga gindin katanga, suna hawa a hankali zuwa tabon fitsarin da ke tsakiyarta.