Hoton Iya a Bakin Titi

Tun daga tashar motar Ojoo Iya Mahbuba take mita, har ɗanta Isiyaku ya tsayar da mota a wani ƙauye da ko mai shayi babu, wai su leƙa wani gidan tarihi da ke bakin titi. Ɗaki ne guda mai warin jemage, an jera tukwane da turmi.

"Turmi? Isiyaku, kallon turmi ka kawo ni, kamar ba mu da shi a unguwarmu Sabo?"

Sai idonta ya faɗa kan wani hoto a bango. Ita ce, tana amarya, tana suyar ƙosai a tsakar gidanta, kai ba ɗankwali. Ta tuna Baturiyar da ta ɗauke shi, har da rantsuwa cewa ba namijin da zai gani.

Mai kula da wurin ya gyara murya. "Hajiya, wannan wata baƙauya ce ta zamanin da. Ta daɗe da rasuwa."

"Kai ka yi mata salla? Dube ni da kyau, yaro. Shekara arba'in ina kulle, ashe kun rataye ni a bakin titi, direbobi na kallon kitsona! Sauke shi."

Ya ce sai an rubuta takarda zuwa ofis.

Iya ta ja tsaki, ta buɗe jaka, ta ciro sabon mayafin da za ta kai wa ƙanwarta tsaraba. Ta lulluɓe hoton, ta yi ƙulli biyu.

"Ka rubuta musu matacciyar ta zo ta suturta kanta. Wanda ya kwance, ni da shi gaban alƙali."